Digiri Na Biyu A Kimiyyar Siyasa: Abin Da Ya Kamata Matasanmu Su Sani Kafin Su Sayi Fom



Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sayar da fom ɗin karatun gaba da digirin farko, sai tambaya guda ta riƙa yawo a tsakanin matasanmu na Uke da kewaye, musamman waɗanda suka karanta kimiyyar siyasa suka gama hidimar ƙasa: in koma in yi mastas, ko in ci gaba da neman aiki? Iyaye ma suna yin tasu tambayar, kuma tasu ta fi nauyi, domin daga aljihunsu kuɗin zai fito. Akwai gidan da sai an sayar da amfanin gona, akwai wanda sai an taɓa fili, a daidai lokacin da filin bakin hanyar Keffi yake ƙara daraja kullum.

Matsayinmu a kan wannan magana shi ne: muna goyon bayan 'ya'yanmu su zurfafa karatu a wannan fanni, domin garinmu da yankinmu suna bukatar masanansa. Amma goyon bayan namu yana da sharaɗi. Wanda zai nema ya san irin digirin da yake nema, ya san tambayar da zai je ya bincika, ya kuma san inda kuɗin zai fito har ya gama. Wanda bai da amsar waɗannan abubuwa uku ba, muna ba shi shawara ya dakata shekara guda ya shirya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Bari mu fara da masu suka, domin maganarsu ba ta rasa gaskiya ba. Suna cewa siyasa a ƙasar nan ba a aji ake koyon ta ba, a gindin bishiya da ofishin jam'iyya ake koyo. Suna nuna mana kansila ko ɗan majalisa da bai wuce sakandare ba, ga shi da mota da gida, ga kuma mai mastas yana tuƙa Keke Napep. Suna ƙarawa da cewa Abuja cike take da masu digiri na biyu da ke yawo da takardu daga ma'aikata zuwa ma'aikata.

Duk wannan muna gani da idonmu. Tsarin mulkin 1999 bai nemi fiye da shaidar karatun sakandare ko makamanciyarta ga mai neman kujerar shugaban ƙasa ba, balle ta kansila. Saboda haka duk wanda burinsa tsayawa takara ne kawai, mastas ba zai saya masa tikitin jam'iyya ba. Haka kuma duk wanda ya shiga karatun don ya ɓoye daga zaman banza na shekara biyu, zai fito ya tarar da zaman banzan yana jiran sa, ga bashi a kai.

Inda muka rabu da masu suka shi ne, sun haɗa ɗan siyasa da masanin siyasa wuri guda. Ɗan siyasa kujera yake nema. Shi kuwa masani aikinsa ya gane yadda ake samun mulki, yadda ake riƙe shi, yadda ake raba dukiyar jama'a, da kuma dalilin da ya sa wani tsari yake aiki wani yake rushewa. Ƙasar nan ta sha komawa wajen irin waɗannan mutane idan tura ta kai bango. Farfesa Humphrey Nwosu, malamin kimiyyar siyasa, shi ya jagoranci hukumar zaɓe daga 1989 zuwa 1993, a hannunsa aka yi zaɓen 12 ga Yuni 1993. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya yi digirin digirgir a Jami'ar Northwestern ta Amurka, ya shugabanci ASUU daga 1988 zuwa 1994, ya riƙe Jami'ar Bayero, sannan ya jagoranci INEC daga 2010 zuwa 2015, lokacin da aka shigo da na'urar tantance katin zaɓe, kuma a karon farko jam'iyyar adawa ta kayar da shugaba mai ci. Farfesa Ibrahim Gambari ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984, daga baya ya shafe shekaru yana wakiltar Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kai nan ta hanyar liƙa fasta.

Wa zai rubuta labarinmu?

Akwai wani dalili da ya fi wannan kusa da mu. Idan ɗalibi ya shiga ɗakin karatu yana neman littattafan da aka kafa nazarin siyasar Arewa a kansu, sunayen da zai fara cin karo da su su ne Richard Sklar, da littafinsa kan jam'iyyun Najeriya na 1963, Billy Dudley, da nasa kan jam'iyyu da siyasar Arewa na 1968, C. S. Whitaker, da nasa kan sarauta da siyasa na 1970. Da John Paden, da nasa kan addini da siyasar Kano na 1973. Ayyuka ne masu daraja, har yau ana karanta su. Amma uku daga cikin mutanen nan huɗu Amurkawa ne, kuma hankalin yawancin ayyukan ya fi karkata ga manyan masarautu da manyan birane. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman da abokan aikinsa na Zariya sun nuna cewa ɗan gida zai iya ɗaukar alƙalami ya yi wa siyasar ƙasarsa fashin baƙi ba tare da jiran baƙo ba. Sai dai har yau ƙananan garuruwa irin namu ba kasafai ake samun wanda ya zauna ya rubuta yadda ake mulkinsu ba.

Alhali kuwa mu a bakin babban darasi muke zaune. Doka mai lamba 6 ta 1976, a zamanin Janar Murtala, ita ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya. Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Legas ta dawo Abuja. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanko Jihar Nasarawa daga Filato. Cikin shekaru ƙalilan hanyar da ta taso daga Nyanya ta bi ta Mararaba da Masaka ta wuce ta wajenmu zuwa Keffi ta zama makwancin ɗimbin ma'aikatan Abuja. Mutum ya kwana a Nasarawa, ya yini a Abuja, ya yi rajistar zaɓe a jiharsu ta asali. Wa yake wakiltar sa? Dokar harajin albashi ta ce haraji na jihar da mutum yake zaune ne. Shin haka abin yake gudana a aikace? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, amma a ƙasa mai unguwa, dillali, magada da ofishin filaye kowa yana da ta cewa. Idan rikici ya tashi, maganar wa ake bi? Waɗannan tambayoyi ne na kimiyyar siyasa tsantsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tarko na farko: mastas kala biyu ne

Abin da ya fi cutar da matasanmu shi ne rashin sanin cewa digiri na biyu iri biyu ne. Akwai na ilimi, wato MSc, wanda ake yin darussa sannan a rubuta kundin bincike mai zurfi a kare shi a gaban malamai, har da mai jarrabawa daga wata jami'a. Akwai kuma na ƙwarewar aiki, wanda aka tsara domin ma'aikata, sau da yawa a ƙarshen mako ake yin sa. Misalinsa MIAD na harkokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya a Jami'ar Ahmadu Bello, da MPPA na tsara manufofi da gudanarwa a Jami'ar Bayero, da MPA da jami'o'i da dama suke bayarwa.

Kowanne yana da amfaninsa. Ma'aikacin gwamnati da ke son ya ƙware a aikinsa, na ƙwarewa ya fi dacewa da shi. Amma a yawancin jami'o'inmu digirin ƙwarewa ba ya kai mutum digirin digirgir kai tsaye, kuma ba shi ake nema ba idan za a ɗauki malamin jami'a. Saboda haka yaron da burinsa ya zama lakcara, idan ya sayi fom ɗin na ƙwarewa don ya ji an ce ya fi sauƙin samu kuma ya fi saurin ƙarewa, zai iya wayar gari ya ga sai ya sake wani mastas ɗin daga farko. Shekara biyu da kuɗin gida sun tafi a kan tambayar da minti biyar a ofishin sashe ta isa ta warware. Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi sashen da bakinka: wannan digiri yana kaiwa digiri na uku ko ba ya kaiwa?

Takardu: ba a fafe gora ranar tafiya

Sharuɗɗan sukan ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ginshiƙansu ɗaya ne. Ana neman kiredit biyar na sakandare, ciki har da Turanci, kuma jami'o'i da yawa suna haɗawa da lissafi. Ana neman digirin farko a kimiyyar siyasa ko fanni makusanci daga jami'ar da hukumar NUC ta amince da ita, akasari da sakamakon da bai gaza 2:2 ba. Mai daraja ta uku ko mai HND yawanci sai ya fara bi ta difloma ta bayan digiri, wato PGD, ya kuma fito da sakamako mai kyau. Ana neman takardar gama hidimar ƙasa ko ta yafewa. Ana neman wasiƙun shaida daga malamai. Wasu sassan kuma suna yin jarrabawar tantancewa ko ganawa ido da ido.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne transkirif, wato takardar da ke ɗauke da makin kowane darasi tun daga aji ɗaya. Jami'ar da ka gama ita ke aika ta kai tsaye zuwa wadda kake nema, kuma tana iya ɗaukar makonni ko watanni. Wanda ya bari sai an buɗe fom sannan ya fara nema, yana iya rasa zangon baki ɗaya. A fara bin ta tun da wuri. Haka nan a duba suna da ranar haihuwa: idan takardar WAEC ta ce Muhammad, digiri ya ce Mohammed, NIN kuma ya zo da wani tsarin daban, a gyara tun yanzu.

Wasiƙar shaida ma kada a raina ta. Malamin da ya duba aikinka na aji huɗu ya fi shugaban ƙaramar hukuma amfani a nan, domin jami'a so take ta ji daga wanda ya san ƙwaƙwalwarka. Ka je ka gaishe shi, ka tuna masa aikin da ka yi, ka ba shi lokaci isasshe.

Ina za a nema?

Ta wannan fuska mun yi sa'ar wuri. Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, wadda aka kafa a 2001, tana nan kusa da mu, mutum zai iya zuwa lakca ya dawo ya kwana a gida. Ga Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988. Ga Jami'ar Tarayya ta Lafiya, ta 2011. Ga Buɗaɗɗiyar Jami'a, NOUN, mai hedkwata a Jabi, ga wanda aiki ba zai bar shi ya zauna a aji ba. Ga cibiyar NILDS ta Majalisar Tarayya, wadda ke gudanar da karatun gaba da digiri a kan harkokin majalisa da zaɓe tare da haɗin gwiwar Jami'ar Benin. Wanda zai iya yin nisa kuma ga Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962 da daɗaɗɗen sashenta, ga Jami'ar Bayero da Gidan Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, wanda ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga ta Jos.

Amma shawararmu ita ce kada suna ya ruɗe ka. A wannan mataki malamin da zai duba bincikenka ya fi ginin jami'ar muhimmanci. Ka duba malaman sashen, ka nemi abin da suka rubuta a intanet, ka ga ko akwai mai aiki a kan abin da ke ranka. Sannan ka nemi ɗaliban da ke ciki yanzu ka yi musu tambayoyi uku: shekara nawa mutane suke ɗauka kafin su gama, ɗalibai nawa ne a hannun malami ɗaya, kuma wata nawa babi yake yi a teburi kafin a dawo da shi. A takarda MSc bai cika wuce wata 18 zuwa 24 ba. A aikace yana iya zarcewa, kuma kowace shekara da ta ƙaru sabon kuɗin rajista ne. Kar a manta da yajin aiki: na ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Mai lissafin kuɗi ya saka wannan a cikin lissafinsa.

Tambayar da za ka tafi da ita

A nan ne muke so matasanmu su fi kowa fice. Yawancin masu nema sukan rubuta take irin su dimokuraɗiyya da ci gaba a Najeriya, ko cin hanci da shugabanci nagari. Malami ya ga irin wannan sau ɗari, kuma babu ɗalibin da zai iya bincika Najeriya duka da kuɗin aljihunsa. Take mai kyau ƙarami ne, yana da wuri, yana da lokaci, kuma ana iya zuwa a tambayi mutanen da abin ya shafa.

Ga misalai daga ƙofar gidanmu. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Me ya canza, me bai canza ba a Karu ko Keffi tun daga lokacin? Ƙananan hukumomi shida na Abuja, wato AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, INEC ce ke gudanar da zaɓensu, alhali na jihohi hukumomin zaɓe na jiha ne ke yi. Idan aka kwatanta Karu da AMAC, maƙwabtan juna, wane bambanci wannan yake haifarwa wajen gasa tsakanin jam'iyyu? A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Su wane ne ba su fito ba a mazaɓarmu, kuma me ya hana su? Dokar rage shekarun takara ta 2018 ta buɗe wa matasa ƙofa. Mutum nawa suka shiga, kuma kuɗin fom ɗin jam'iyya ya bar su? Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar ci gaba da al'ummar da yake haƙa a ƙasarta. A jihar da take alfahari da ma'adinai, wa ke sa hannu a madadin al'umma, wa ke bibiya? Ga kuma rawar da masu unguwanni da sarakuna suke takawa wajen sasanta manoma da makiyaya.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa kundi. Kuma ɗan gida yana da abin da baƙo ba shi da shi: ya san harshe, ya san wa ake fara gaisarwa, ya san maganar da ba a faɗa a gaban jama'a. Sai dai wannan kusanci yana da haɗarinsa. Mai bincike ba lauyan ƙabilarsa ko jam'iyyarsa ba ne. Yankinmu ya tara Hausawa, Fulani, Gbagyi, Gwandara, Yeskwa da baƙi daga ko'ina, Musulmi da Kirista. Wanda ya riga ya yanke hukunci kafin ya fita tambaya, takardar kamfe zai rubuto, kuma malamin kirki zai gane tun a shafin farko.

Abu biyu kuma a shirya musu tun kafin a shiga. Na farko rubutun Turanci, domin da shi za a rubuta kundin. A riƙa karanta maƙalun ilimi ana gwada taƙaita su. Na biyu lissafin ƙididdiga. Da yawa sun zaɓi kimiyyar siyasa ne don gudun lissafi, sai su tarar da darasin dabarun bincike yana jiran su. Wanda ya iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta, ko da Excel ne da SPSS, ya fi samun aiki a cibiyoyin bincike da ƙungiyoyin sa ido kan zaɓe da ke Abuja fiye da wanda ya haddace sunayen masana kawai. Game da masu rubuta wa mutane kundi a shagunan bakin jami'a kuwa, maganarmu gajera ce: jami'o'i yanzu suna da manhajar gano kwafe, kuma ko manhaja ba ta kama ka ba, ranar kare kundi bakinka zai tona ka.

Maganar kuɗi da ƙasashen waje

Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, karatun waje da kuɗin gida ya fi ƙarfin yawancin iyalanmu. Ingila kuma tun Janairun 2024 ta hana masu mastas na darussa tafiya da iyalansu. Saboda haka hanyar da ta rage ga ɗan talaka ita ce tallafin karatu, kuma akwai na gaske da suka dace da wannan fanni. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin mastas na shekara ɗaya, yana neman gogewar aiki ta shekara biyu, da alƙawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu. Akwai tallafin Commonwealth. Hukumar DAAD ta Jamus tana da shirin Helmut Schmidt, wanda aka keɓe domin tsara manufofi da shugabanci nagari. Tarayyar Afirka tana da Jami'ar Pan African, kuma reshenta na nazarin mulki da zamantakewa yana Yawunde a Kamaru. Shi kuwa tallafin TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, wanda ba ya koyarwa kada ya dogara da shi.

Duk waɗannan ta shafinsu na intanet ake nema, kuma gasa ce mai zafi. Abin da ke raba masu nema shi ne bayanin da mutum ya rubuta game da kansa: me ya taɓa yi wa al'ummarsa, me yake son ya karanta, me zai dawo ya yi da shi. Yaron da ya yi aikin wucin gadi da INEC lokacin hidimar ƙasa, ko ya riƙe sakataren ƙungiyar unguwa, ko ya shiga sulhun rikicin fili, yana da abin faɗa. Ya faɗe shi da gaskiya, da misali, ba tare da ƙari ba.

Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka tallafi ko gurbi, ka riƙe aljihunka. Haka masu tallan digirin gaggawa. A watan Disamba 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, kuma a farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaske a can ma abin ya shafe su. Araha ba ta ado.

Ga iyaye kuma muna roƙo: kada a sayar da gonar gado ko filin gida don mastas. Digiri na biyu ba ya zuwa da takardar ɗaukar aiki, fili kuwa in ya tafi a wannan yanki ba ya dawowa. Gara yaro ya samu abin yi, ko koyarwa ce a makarantar kuɗi, ya yi karatun a hankali a nan kusa.

Abin da ya rage namu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan muna son masana daga cikinmu, sai mu ɗauki wani ɓangare na nauyin. Muna ba da shawarar abubuwa huɗu, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na ɗaya, 'yan'uwanmu da suka riga suka yi digiri na biyu da na uku, malamai da ma'aikata, su ware rana ɗaya kafin lokacin fom su zauna da masu niyya, su duba takardunsu da taken bincikensu kyauta. Na biyu, a buɗe ɗan asusu, ko da kuɗin fom da transkirif da zirga-zirgar bincike kawai zai ɗauka, a bayyana sharuɗɗansa a fili, a riƙa karanta lissafinsa a taro, kada ya zama na 'ya'yan shugabanni. Na uku, a ba 'ya'yanmu mata kulawa ta musamman. Da yawansu sun fito da sakamako mai kyau, aure da reno suka tsayar da su, alhali ga jami'a a Keffi ga ta karatu daga gida. Muna kira ga mazaje da surukai su ba da dama. Akwai tambayoyin da suka shafi mata da zaɓe waɗanda mace ce kawai za ta shiga gida ta samo amsarsu. Na huɗu, duk wanda al'umma ta taimaka wa ya kawo kwafin kundinsa a ajiye, ya kuma tsaya gaban jama'a ya bayyana abin da ya gano da Hausa, yadda dattijo da mai sayar da kaya a kasuwa za su fahimta. Dattawa da masu unguwanni su ma muna roƙon su buɗe ƙofa idan yaranmu sun zo tambaya, kada a ɗauke su 'yan leƙen asiri.

Ranar da za a zauna batun iyaka, ko rabon mazaɓu, ko diyyar fili, ko yarjejeniya da kamfani, garin da yake da mutumin da ya karanta doka, ya tara alƙaluma, ya iya rubuta takardar matsayi, shi ake saurara. Garin da ba shi da irin wannan mutum sai dai a karanta masa abin da aka yanke.

To, matasa, ga fili ga mai doki. Wanda ya shirya ya nema, muna bayansa. Wanda bai shirya ba ya fara bin transkirif ɗinsa daga wannan mako, ya nemi malaminsa, ya zauna ya rubuta tambayarsa a shafi ɗaya. Masu digiri na biyu da na uku da ke shirye su taimaka kuma su sanar da shugabannin ƙungiya domin a tsayar da ranar zama.

Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya sa abin da za su karanto ya amfani garinmu.